Yadda Injin Ƙyanƙyasar Gwaggo Ya Mutu Ya Tashi

"Wai dama injin ya lalace ne kafin ya taɓa shi?"

Matar Tela ce ta yi tambayar, na jiyo ta ta tagar kicin ina wanke kofuna. Mijinta take tambaya. Shi kuwa ya ce mata lafiyar injin ƙalau har ƙarfe tara na safiyar nan, lokacin da ilimi ya shiga ɗakin. Ilimin da yake nufi maigidana ne. Na kife kofin, na goge hannu, na yafa mayafi na sauka ƙasa.

Gidan da muke ciki bene ne. Mu muna sama, Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana, tana ƙasa, Tela da matarsa kuma ƙofarsu na kallon tata. Maigidana yana da shagon gyaran waya a bakin titi, kuma a saman shagon akwai allo da aka rubuta Injiniya da jan fenti. Shi ya rubuta da hannunsa. Watanmu takwas da aure, kuma a cikin watannin nan sau uku yana ba ni labarin yadda wani kamfanin jiragen sama ya so ɗaukarsa aiki ya ƙi. Kullum jirgin ƙara girma yake yi.

Gwaggo kuwa tun da ta ajiye aikin jinya ba ta da zance sai na kaji. A ɗakin ajiyarta ta kafa injin ƙyanƙyasa, wani abu kamar gajeren firji mai ƙofar gilashi, da fanka a ciki da farantai huɗu. Wannan ne karon farko da ta cika shi, ƙwai ɗari biyu da arba'in, kuma ranar Asabar ɗin nan kwanansu goma sha tara. Saura biyu su fashe. Idan ka kara kunnenka a jikin gilashin kana iya jin 'yar tsuwa daga cikin wasu. Gwaggo ta ce a irin wannan lokaci sanyin rabin yini ya isa ya kashe su a cikin ɓawo.

Da yammacin Juma'a ne shirin ya zo wa maigidana, muna cin abinci. Ya ajiye cokali ya ce abin kunya ne a ce gidan da yake zaune a ciki akwai tsohuwa da ke tashi tana leƙa gilashi kamar a zamanin da. Zai sa wa injin sabuwar manhaja, wadda da zarar ɗan tsako na farko ya fasa ƙwai, saƙo zai shiga wayar Gwaggo. Daga nan duk masu kiwon kaji na garin za su yi layi a shagonsa, sai ya ɗauki ma'aikata shida, ya sayi shagon maƙwabcinsa ya fasa bangon. Ya tambaye ni ko na fi son ofishina ya kalli titi. Na ce duk yadda ya gani.

Da safe Gwaggo ta ƙi. Ta ce ya bari su ƙyanƙyashe tukuna. Ya ce ai in sun ƙyanƙyashe wa zai aiko saƙon, kuma aikin minti goma ne, ko ruwan shayi ba zai tafasa ba ya gama. Ya yi ta magana har ta gaji ta ce ya je ya yi, amma minti goma.

Lokacin da na sauko, minti goman ya kai awa ɗaya. Na tarar ya kwance murfin bayan injin, ya fito da wani koren faranti mai ƙananan abubuwa a jiki, ya jingina shi a kan tebur kusa da kwamfutarsa. Fanka ta tsaya, fitilar ciki ta mutu. Abin da ya faru, kamar yadda Tela ya ba ni labari, shi ne maigidana ya ce sai an share tsohuwar manhajar kafin sabuwa ta samu wurin zama. Sharewar ta tafi daidai, Tela ya ce bai taɓa ganin aikin da ya yi kyau haka ba. Sabuwar ce ta ƙi shiga.

Gwaggo na tsaye da ɗan ma'aunin zafinta na gilashi, wanda ta taho da shi daga wurin aiki. Ta ce talatin da bakwai da rabi ya kamata ya nuna, ga shi ya sauko talatin da biyar.

Maigidana ya ce kada kowa ya tayar da hankalinsa, injin tunani yake yi. Da tunanin ya yi tsawo sai ya ce akwai ƙofar baya. Ya nuna mana wani ɗan baƙin abu a tsakiyar farantin, bai fi farcen babban yatsa ba, ya ce wannan ita ce ƙwaƙwalwar. Idan ta manta komai, masu ƙera ta sun bar wata kafa da ake kira siriyal, ta nan ake ɗura mata karatu da waya, harafi bayan harafi, kamar ana ba majinyaci magani da cokali. Kafar wasu ƙarafa ne guda huɗu a jere kamar haƙoran mataji. Ya zaro wata igiya daga jakarsa, gefe ɗaya na shiga kwamfuta, ɗayan ya rabu gida huɗu: fara, koriya, baƙa da ja. Ya ce mutum uku ne kawai a garin nan suka san wannan hanya, biyu kuma shi ya koya musu.

Ya soka fara da koriya da baƙa, ya bar jar tana lilo. Ya kunna. Fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, ba ko ɗigo. Ya kashe ya kunna. Ya hura kafar da baki, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ɗan bubbuga teburin. Muka yi rabin awa muna kallon baƙin gilashi, har na fara ganin fuskata a ciki.

Sai ya ce zai zaga banɗaki. Ya tafi da wayarsa, ya daɗe, muna jiyo muryar wani mutum daga cikin wayar yana bayani da Turanci. Da ya fito ya ce wani tunani ya zo masa. Farar wayar baki ce, koriyar kunne ce, kuma dole bakin kwamfuta ya tafi kunnen inji, bakin inji ya tafi kunnen kwamfuta. Ya musanya su.

Tela ya gyara tabarau ya ce, "Wato da baki da baki ka haɗa, Injiniya? Kowa na magana, babu mai saurare. Ai ba laifinka ba ne, abin da ka saba ne."

Maigidana ya ce mai ɗinka wando ba zai gane ba. Tela ya ce gaskiya ne, shi dai bai taɓa farke wandon da ke jikin mai shi ba don ya sa masa aljihun zamani.

Wannan karon da ya kunna, rubutu ya fito. Amma irin rubutun ban taɓa gani ba, ko da yake karatuna bai yi nisa ba: akwatuna, alamun tambaya a kife, wasu ƙugiyoyi da ɗigogi. Matar Tela ta leƙo ta ce kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Maigidana ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa ya ce ga shi nan, injin ya fara magana, da yarensa na asali. Gwaggo ta tambaye shi me ya ce. Ya sunkuya ya bi layin da yatsa, leɓensa na motsi, ya ce a taƙaice dai gaisuwa ce, sannan yana ƙorafin rashin ƙarfi. Yunwa yake ji, shi ya sa maganar ba ta fita sosai. Jar wayar nan da ke lilo ita ce ta wuta, in aka ƙara masa ita zai warware.

Ya soka ta. Wani ɗan ƙara ya yi, kamar an taka busasshen ganye, sai siririn hayaƙi ya taso daga kan igiyar, wajen da ke shiga kwamfuta. Ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar roba. Ya fizge ta ya jefar, ya sa yatsa a baki.

Tela ya tambaya ko injin ya ƙoshi.

Maigidana ya ce igiyar jabu ce, dama ya san za ta yi haka, yana so ne ya tabbatar. Akwai ta gaske a shago. Ya fita da sauri, ya ce kada wanda ya taɓa komai.

Yana fita Gwaggo ta zama ma'aikaciyar jinya sak. Ma'auni ya nuna talatin da uku. Ta sa ni na ɗora ruwa a kan risho, matar Tela ta kwaso duk robobin ruwan da ke gidanta. Muka cika su da ruwan ɗumi, muka naɗe da tawul, muka jera a ƙasan injin da gefensa, muka rufe ƙofar, muka lulluɓe shi da barguna biyu. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Tana dai ta maimaita cewa ita ta yi wa yaron nan wankan farko, da ta sani da ta ƙara riƙe shi cikin ruwan. A hankali ma'aunin ya tsaya a talatin da uku, bai hau ba, bai sauka ba.

Tela kuma ya tambayi Gwaggo ko injin bai zo da takarda ba. Ta buɗe durowa ta fito da ɗan littafi a cikin leda, sabo fil. Ta ce ta miƙa wa maigidana tun da safe ya ce littafi na 'yan koyo ne. Tela ya zauna a bakin ƙofa ya fara buɗawa.

Shagon tafiyar minti biyar ne, amma sai da maigidana ya yi minti arba'in. Da ya dawo ba shi kaɗai ba ne. A hanya ya gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa yau zai tayar da mataccen inji ta ƙofar baya, wanda bai taɓa gani ba ya zo ya gani. Mai aski ya biyo shi, da mai kanti, da wani direba da ban sani ba, da mata biyu daga gidan da ke bayanmu. Suka cika ƙofar ɗakin har iska ta daina shigowa.

Da ya ga barguna da robobi sai ya yi dariya, ya ce wa jama'a su kalli yadda mata ke aiki in babu namiji a kusa. Ya ce in hau sama in ɗauko na'urar busar da gashina da dutsen guga. Na ɗauko. Ya jona su biyun a soket ɗaya da butar lantarkin Gwaggo, ya ce zafi na kimiyya zai ba ƙwan. Na'urar ta yi kuka kamar na daƙiƙa biyar, sai muka ji ɗas daga wajen mita. Wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Kwamfutarsa, wadda batirinta ya mutu tun kafin aurenmu, ta bi sahu.

Mai kanti ya ce shi dai an ce masa za a tayar da inji ɗaya, ga shi ya ga an kashe huɗu, ya gode da gayyata.

Direban nan ne ya je ya tayar da wutar. Kafin kwamfuta ta sake kunnuwa, kafin a mayar da bargunan da maigidana ya yaye, ma'auni ya sauko talatin da ɗaya. Rana ta riga ta raba tsakiya. Gwaggo ta kara kunnenta a gilashin ta daɗe, sannan ta ɗago. Ni ma na kara nawa. Tsuwar tana nan, amma ta yi ƙasa sosai.

Da aka jona sabuwar igiyar, ba tare da jar waya ba wannan karon, sawun kazar nan ya sake fitowa. Maigidana ya fara fassara wa baƙi, har ya kai wajen da injin ke yi wa Gwaggo godiya, sai Tela ya ɗaga littafin ya ce akwai wata lamba a shafi na ashirin da biyu, an ce sai an sa wa kwamfuta ita domin saurin maganarsu ya zo ɗaya. Ya karanto: ɗaya, ɗaya, biyar, biyu, sifili, sifili. Ya leƙa kwamfutar ya ce ta Injiniya kuwa tara da shida ce da sifili biyu.

"Na sani," in ji maigidana. "So nake in ga ko akwai mai lura a cikinku."

Ya canza lambar. A wannan shafin dai akwai adireshin da ake sauko da manhajar injin ta asali, sai ya sauko da ita a wayarsa ya tura kwamfuta yana tari don kada a lura. Batun saƙon da zai shiga wayar Gwaggo kuwa ba wanda ya sake jin sa.

Ya kunna injin. Yaren asali ya ɓace. Sai ga harafi ɗaya ya fito tsaf, wanda ko ni na sani: C. Wani ya biyo shi, wani ya biyo shi, a jere, kamar ɗigar famfo.

Maigidana ya juya ya fuskanci jama'a. Ya ce su dubi wannan harafi da kyau, domin jikokinsu za su tambaye su. Wannan injin ne ke miƙa hannu yana cewa a ba shi. Ya yi bayanin yadda ya fara wannan ilimi, da malamin da ya ce masa ya fi ƙarfin aji, da kamfanin jiragen sama. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan babban madannin. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar, da sifili a ciki. Sifilin ya zauna. Muka jira. Can sai akwatin ya yi ja.

Ya ce fayil ɗin manhajar ne bai zauna daidai ba. Ya kashe, ya kunna, harafin ya fara ɗiga, ya juya ya bayyana wa mai aski abin da ake nufi da fayil, ya dawo ya danna. Ja. Ya ce wutar gidan ce ba ta da tsabta. Ya kashe, ya kunna, ya yi wa direba bayanin wuta mai tsabta da marar tsabta, ya danna. Ja.

Ni ina tsugune a gefen injin ina canza robobin da suka huce, kuma daga inda nake fuskar kwamfutar na kallona. Ba ni da abin yi da idona, sai na fara ƙirga haruffan. Goma suke fitowa, sai su tsaya. A karo na gaba ma goma. Na lura ɗigar tana ƙarewa tun yana tsakiyar jimlarsa ta biyu, kuma duk dannawar da yake yi bayan sun tsaya ne. Abin ya yi mini kama da mai sallama a ƙofar gida: ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu, in ba a amsa ba ya kama hanya. Mai gidan kuma sai ya gama labarinsa ya fito yana cewa wa ke nan.

Sau shida ina ƙirgawa. A na bakwai na yi gyaran murya. Ban saba magana gaban maza ba, kuma ga su har biyar. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, kamar haruffan suna tsayawa kafin ya danna. Ya dube ni da murmushi irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi, ya ce wa jama'a su ji fa, zama da injiniya ya fara aiki, amarya ta fara ganin haruffa. Aka yi dariya. Ya ce in taimaka in kawo wa baƙi ruwan sha. Na kawo.

Daga nan ya sake musanya fara da koriya, haruffan suka ɓace gaba ɗaya, ya mayar da su. Ya cire baƙar ya ce ba ta da amfani, sawun kaza ya dawo, ya mayar da ita. Ya sake zagawa banɗaki, amma wannan karon mutumin cikin wayar bai ba shi komai ba. Ƙarfe biyu da rabi ma'auni ya nuna talatin daidai, ga gas ɗin rishon Gwaggo ya fara ja da baya.

Sai ya tsaya. Ya share gumi, ya saita fayil ɗin a karo na ban san nawa ba, ya kai hannu zai kunna, ya fasa. Ya ce ɗakin ya yi zafi, kowa ya fito tsakar gida yana da sanarwa. Suka fita, har Gwaggo, tana riƙe da ma'auninta. Ni aka bari da robobi.

Ina jin sa ta ƙofa. Ya ce ya yi duk gwajin da ilimi ya tanada, kuma sakamakon ya nuna ƙwaƙwalwar injin ta mutu. Ta daɗe da ciwo a ɓoye, Allah ne ya sa ya buɗe yau aka gani. Haruffan nan da suka gani shure-shuren ƙarshe ne. Tela ya ce ai ɗazu hannu ne yake miƙawa. Maigidana ya ce hannun bankwana ne.

Na kara kunnena a gilashin. Can ciki, a farantin sama, wani ya yi tsuwa sau ɗaya.

Na dubi ƙofa. Duk sun ba ni baya. Na tashi na je gaban teburin. Ban taɓa taɓa kwamfutarsa ba, ko gogewa ba ya bari in yi. Amma na ga madannin da yake dannawa sau goma sha wani abu, na ga inda ake kunna injin. Na ɗora yatsan hannun dama a kan madannin, na miƙa na hagu na kunna. Harafi na farko ya fito. Na danna.

Akwatin ya fito da sifilinsa. Sai sifilin ya zama ɗaya. Ya zama huɗu, ya zama tara. Na ja da baya kamar na taɓa wuta, na koma na tsuguna wajen robobina, na ɗauki tawul na riƙe ina ta murɗa shi.

A waje maigidana ya yi nisa. Ya ce ko wanda ya ƙera injin nan aka ɗauko da jirgi, sai dai ya tsaya ya yi masa addu'a. Ya ce a duniya babu hannun da zai tayar da shi, kuma in ya tashi, shi da kansa zai hau tsani ya goge Injiniya daga allon shagonsa gaban kowa. Mai aski ya ce a bar batun tsani, ƙwan fa. Maigidana ya ce ƙwan sai haƙuri, amma ya kamata Gwaggo ta duba alherin da ke ciki, domin yanzu ta samu damar sayen inji na zamani, shi zai zaɓar mata.

Ina satar kallon lambar. Saba'in. Tamanin da takwas. Da ta kai ɗari akwatin ya ɓace, rubutu ya yi ta gudu a fuskar kwamfutar, layi bayan layi. Sai injin ya yi ƙara sau biyu, fitilar ciki ta kama, fanka ta juya.

Duk suka juyo daga tsakar gida. Gwaggo ce ta fara shigowa, ta ture direba, ta yaye bargo ta ɗora tafin hannunta a gilashin. Sauran suka cunkushe a bayanta. Lambar da ke goshin injin ta nuna talatin, muna kallo ta koma talatin da ɗigo biyu.

Maigidana ya shigo a ƙarshe. Ya dubi injin, ya dubi kwamfutar, bakinsa a buɗe, kuma a karon farko tun safe babu abin da ya fito. Bai daɗe ba dai. Ya ce yawwa, abin da yake jira ke nan, dama ya saita shi ya tashi da kansa bayan minti bakwai, sanarwar da ya yi gwajin imanin jama'a ce.

Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, awa biyar kana kansa bai motsa ba. Ka fita minti bakwai ya tashi. Ni ban yi karatun inji ba, amma ina ganin mun gano inda matsalar take."

Mai kanti ya ce yana da tsani. Mai aski ya ce yana da ragowar fenti. Direban ya ce zai kai su a mota kyauta.

Maigidana ya ce tun da ba su yarda ba, bari ya kashe ya sake yi a gabansu su gani. Ya miƙa hannu wajen makunnin. Gwaggo ta kama wuyan hannun, irin kamun da ta saba yi wa masu gudun allura.

"Ɗan nan, zare wayoyinka a hankali, ka mayar da murfin, ka fita. Daga yau iyakarka bakin ƙofar nan. In gaisuwa ce ka yi daga can, ina ji."

Ya zare, ya ɗaura, ya fita. Suka raka shi har titi, ina jiyo mai kanti yana tambaya ko a goge duka ne ko a bar masa harafin farko na tunawa.

Ranar Litinin da hantsi suka fara fashewa, zuwa Talata Gwaggo ta ƙirga ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ta kira ni in taya ta kwashe su zuwa kwali. Muna cikin yi, hannunmu cike da 'yan tsaki, ta ce ba tare da ta dube ni ba, ni da aka bari a ɗakin, me na gani.

Na buɗe baki. Sai na tuna duk abin da Gwaggo ta ji, matar Tela ta ji shi kafin ruwa ya tafasa, kuma in Tela ya ji, maigidana ba zai ƙara bin titin nan da rana ba. In kuma shi na gaya wa, kafin mako ya zagayo zai ce shi ya koya mini, ya kwaso duk matattun injunan unguwa ya jibge mini a falo.

Na ce ina kallon robobi ne, Gwaggo.

Ta ɗan dube ni ta gefen ido, ta zaɓi guda goma masu ƙiba ta zuba a wani kwali daban ta tura gabana, ta ce na robobi ne. Na ɗauka na hau sama da su. A kan matakala na yanke shawara cewa maganar nan ba mai jin ta daga bakina.